Jawabi Kan Manna Dutsen Ado a Bango

Jama'ar Jalingo, magina da masu gidaje.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, garin nan ya zama hedkwata, gine-gine suke ta ƙaruwa, kuma mutane da yawa sun koma ƙawata bango da dutsen ado. Daga nan ne wata rigima ta kunno kai: mai gida ya hango gam ko siminti yana leƙowa tsakanin duwatsu, ya hana kuɗin aiki, magini kuwa ya ce haka dutse yake.

To, ya kamata a rarrabe abu biyu. Dutse halittar Allah ne, ba injin ya toya shi kamar tayil ba. Saboda haka bambancin launi, ko jijiya, ko ɗan kaushi, ba aibu ba ne. Wanda bai iya jure wannan ba, gara ya sayi tayil. Amma gam da ya bushe a fuskar dutse, wannan laifin hannu ne. Wajibi ne magini ya goge shi da jiƙaƙƙen soso tun yana ɗanye, domin in ya ƙame, kankarewa sai ta bar tabo. Kada kuma a ce za a wanke da asid: yana cin mabul, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi. Farin mabul kuwa farin gam yake so, domin baƙin siminti yakan rina shi daga baya.

Abin da ya fi damuna shi ne gam ɗin da ba a gani. Wasu magina, don tsimi, sukan ɗiga shi wuri huɗu ko biyar a bayan dutse su manna. Ruwan damina sai ya shige ramin da aka bari, wata rana dutsen ya ɓalle, alhali yara suna wasa a gindin bango. A shimfiɗa gam ko'ina da cokali mai haƙora. Mai gida ya ƙwanƙwasa. In ya ji amon ganga, a cire a sake.

Kafin a soma aiki, a manna murabba'in mita ɗaya, a dube shi da rana, a daidaita a gaban shaidu. Wanda aka sayar wa jabun gam ya riƙe rasit da buhun, ya kai ƙara Hukumar SON, wadda aka kafa tun 1971 don kula da ingancin kaya.