Kafin Ka Zuba Taki a Gindin Wardi

 Yau zancenmu kan ƙasar lambu ne, ko wardi kika dasa a tsakar gida don ƙamshi, ko tumatir da albasa kake ban ruwa a fadama.

Yawancin ƙasarmu a Tsaskiya da kewayen Safana da Batsari ta jigawa ce. Ka kwara mata ruwa da hantsi, kafin azahar ta tsotse. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya sa yashi ya riƙe laima. Wannan aikin takin gargajiya ne, kuma sai ya ruɓe.

Nan ne da yawa ke yin gaggawa. A kwaso ɗanyen kashin kaji a tula a gindin fure, bayan kwana kaɗan ganye ya ƙone, a ce kambun baka ne. Zafin takin ne ya cinye saiwa.

Don takin ya ruɓe, haƙa rami mai zurfin gwiwa a inuwa. Shimfiɗa busasshen ganye da guntayen kara, ɗora kashin shanu ko na awaki, yafa ƙasa, yayyafa ruwa, ka sake jerawa har ya cika. Ganyen gawo da ke zuba da damina, kada ka raina shi. Duk mako biyu a juya. Cusa hannu ciki za ka ji ɗumi, alamar yana dahuwa ke nan. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, wari ya tafi. Sai a cakuɗa shi da ƙasar ramin dashe, a rufe saman da ciyawa. Toka kuwa kaɗan, wardi ba ya son ta da yawa. Takin bola ma a tsince leda, kwalba da tsohon batir.

Ga batun lafiya. Ɗanyen kashi na ɗauke da ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki, don haka kada ya taɓa latas ko kabejin da za a ci ɗanye. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora ma a ƙasa da kashin dabbobi take zama, ga wardi da ƙaya. In ta soke ka, wanke wurin da sabulu nan take, ka je asibiti a duba batun allurar rigakafi.

Iyaye mata, yaran da suka taya kwasar taki su wanke hannu da sabulu kafin su zauna ga tuwo. Allah ya ba mu damina mai albarka.