Malamin Daji da Maƙwabtansa: Aikin Gaggawa da Kiyaye Doka a Gandayen Daji na Tarayya

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa jama'a, musamman mazauna garuruwa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandayen daji na Gwamnatin Tarayya, irin aikin da masu tsaron waɗannan gandaye suke yi idan hatsari ya auku, ko kuwa an karya doka. Mutanen karkara sun saba kiran waɗannan ma'aikata malaman daji, kuma da yawa ba su san su ba sai a ranar kamu, watau ranar da aka tsare shanun wani, ko aka ƙwace bindigar wani, ko aka tare mota cike da katako. Wannan ya sa ake yi musu kallon abokan gaba. Alhali kuwa kamu kashi ɗaya ne kawai daga cikin aikinsu, sauran duk na ceton rai da dukiya ne, kuma babu ɗaya da yake yiwuwa sai labari ya iso musu da wuri.

GANDAYEN DA DOKARSU

Gandun daji na farko da Gwamnatin Tarayya ta kafa shi ne na Tafkin Kainji, a shekarar 1979, lokacin da aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 5,000. A 1991 aka ƙara Gashaka-Gumti, da Yankari, da Tsohuwar Oyo, da Kuros Riba, da na yankin Tafkin Chadi. A 1999 aka ƙara Kamuku kusa da Birnin Gwari, da Okomu a Jihar Edo. A 2006 Yankari ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Sa'an nan a 2020 aka amince da kafa waɗansu guda 10, cikinsu har da Falgore a Jihar Kano, da Kogo a Jihar Katsina, da Pandam a Jihar Filato.

Dokar da aka kafa a 1999 ta hana shiga gandu ba tare da izini ba, ta hana farauta, da ɗana tarko, da kiwo, da sarar itace, da cinna wuta, da haƙar ma'adinai a cikinsa. Ta kuma ba malamin daji ikon bincike da kamu, da ƙwace kayan da aka aikata laifi da su. Amma yanke hukunci na kotu ne.

GOBARAR DAJI

Hatsarin da ya fi yawan aukuwa shi ne gobara. Da zarar hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, iska ta taso, guntun taba ɗaya ya isa ya cinye daji mai nisan tafiyar yini. Galibi mutane ne suke haddasa ta: maharbi mai son ya koro nama, ko mai cin zuma da ya jefar da bakin wuta, ko makiyayi mai neman sabon toho, ko manomi mai sharar gona.

Malaman daji ba sa jira sai wuta ta tashi. Tun a ƙarshen damina sukan share hanyoyi masu faɗi a kan iyaka don wuta ta rasa abin da za ta ci ta ƙetara. Har wa yau sukan yi ƙunan farko, watau su sa wa ciyawa wuta da gangan tun tana da sauran ɗanyantaka, da safe ko da maraice, lokacin da iska ta kwanta. Irin wannan wuta ba ta da ƙarfi, ba ta kashe itatuwa, namun daji kuwa suna samun damar kaucewa. Wutar da ta tashi a ƙarshen rani ita ce mai ɓarna, gama takan cinye ƙananan itatuwa da ƙwayayen tsuntsaye, ta kuma fita daga gandu ta faɗa wa rumbuna da bukkoki. Wutar da mutum 5 za su kashe da ɗanyen ganye da hantsi, in aka bar ta zuwa azahar, ko mutum 100 ba za su iya da ita ba.

FARAUTA DA SARAR ITACE

Farauta sana'a ce mai asali, kuma babu mai raina maharbi. Amma akwai bambanci tsakanin mai neman abin miya a dajin da aka yarda, da ƙungiyar da ke shiga gandu da manyan bindigogi don hauren giwa. Tun 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure a tsakaninsu. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta farfasa hauren giwa mai nauyin kimanin tan 2.5 a Abuja, wanda aka ƙwace daga hannun masu fasa-ƙwauri, domin kowa ya ga cewa wannan kaya ba shi da kasuwa a ƙasar nan. Haka nan itacen madobiya, wanda 'yan katako suke kira madrid, an yi ta sare shi a Jihar Taraba da maƙwabtanta ana fita da shi waje, har ta kai a 2016 aka sa shi cikin itatuwan da duniya take sa wa cinikinsu ido.

Malaman daji sukan yi sintiri a ƙasa na kwana da kwanaki, suna bin sawu, suna tsince tarkon waya da aka ɗana a hanyoyin ruwa. Tarkon waya ba ya zaɓe: an ɗana shi don gada, sai ya kama ƙafar zaki ko hancin ɗan giwa. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. Baƙon maharbi bai san mashayar dabbobi ba sai an nuna masa, kuma wanda ya nuna, ko ya ɓoye kayan, shi ma ya sa kansa cikin laifin.

SHANU A CIKIN GANDU

Babu inda saɓani ya fi yawa kamar batun kiwo. Makiyayi ya ga ciyawa da ruwa, shanunsa suna rama, sai ya ga hanin kamar mugunta ne. To, dalilin hanin ya shafi shanun ma. Cuta takan bi daga shanu zuwa namun daji, ta kuma dawo. A 1983 annobar bushiya ta kashe shanu masu ɗimbin yawa a ƙasar nan, ta kuma kashe ɓauna da mugun dawa a Yankari. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma akwai sauran cututtuka, ga kuma tsando a ƙurmi. Bugu da ƙari, in zaki ya kashe saniya a cikin gandu, wani yakan sa guba a mushen, sai zaki da kura da ungulu su mutu gaba ɗaya.

A Gashaka-Gumti akwai keɓaɓɓun wurare a kan tsaunuka da aka amince mutane su zauna su yi kiwo. Wajibi ne ardo da mai gari su san inda iyakar take, su kuma sanar da matasan da ke bin shanu.

GIWA A GONA

Garken giwaye yana iya cinye gonar da aka yi wa wahalar damina guda a dare ɗaya, kamar yadda manoman kewayen Yankari suka sani. Baƙin cikin manomi a fili yake. Duk da haka, harbin giwa laifi ne, kuma giwar da aka raunana ta fi kowace hatsari. Abin da ya dace shi ne a kawar da yara da mata, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, a aika wa malaman daji nan take. Su ne suka san yadda ake kora garke da ƙara da hasken wuta, a bar masa hanyar komawa daji.

ƁATAN HANYA DA SARAN MACIJI

Baƙi masu yawon buɗe ido da ɗalibai su ma amana ce a hannun malamin daji. Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandu girma a Nijeriya, yana ɗauke da tsaunin Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419. A irin wannan ƙasa hazo yakan rufe hanya, kogin da aka ƙetara da safe kuma yakan cika kafin la'asar in an yi ruwa a bisa tsauni. Shi ya sa ba a barin baƙo ya shiga sai da jagora. Wanda ya ɓace, gara ya tsaya wuri ɗaya a inuwa, domin mai yawo yana ɓata sawun da ake bi.

In kububuwa ko kasa ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti inda ake allurar kashe dafi, kamar asibitin Kaltungo a Jihar Gombe wanda ya yi suna a wannan aiki.

'YAN BINDIGA

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malamin daji. Dajin Sambisa a Jihar Borno a da wurin namun daji ne, kafin ya zama maɓoyar 'yan ta'adda. 'Yan fashi da masu satar mutane sun yi sansani a dajin Kamuku, waɗansu kuma sun kutsa yankin Kainji. Yaƙi da irin waɗannan aikin soja da 'yan sanda ne, malamin daji kuwa yakan taimaka da sanin hanya. Aikin yana cin rai, a nan gida da waje. A gandun Birunga na ƙasar Kwango an kashe masu tsaro fiye da 200 a bakin aiki. Domin tunawa da irinsu ne aka keɓe ranar 31 ga Yuli ta kowace shekara.

ABIN DA AKE NEMA DAGA JAMA'A

Na farko, wanda ya ga hayaƙi, ko sawun giwa kusa da gona, ko baƙin mutane da makamai, ya gaggauta sanar da mai gari ko ofishin gandu mafi kusa. Inda waya take kamawa, ana iya kiran lambar gaggawa 112. A faɗi wurin, da lokacin, da yawan abin da aka gani. Na biyu, kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa, ko ya fuskanci masu makamai shi kaɗai. Na uku, wanda aka kama kada ya yi gardama ko ya gudu, gama yana da damar kare kansa a gaban alƙali. Na huɗu, duk kuɗin da aka biya a karɓi rasidin gwamnati. Ma'aikacin da ya nemi toshiya, ko ya ci zarafin wani, ya saɓa wa dokar da ta ɗauke shi aiki, sai a kai ƙararsa ga shugaban gandun.

Malaman daji kaɗan ne, daji kuwa da faɗi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kogunan da ƙauyuka suke sha, da yawansu daga cikin waɗannan gandaye suke fitowa, wutar da ta cinye gandu kuwa ba ta tsayawa a kan iyaka. Don haka ana roƙon hakimai da dagatai, da ardo-ardo, da sarakunan maharba, da limamai da fastoci, su isar da wannan saƙo ga mutanensu tun kafin ciyawa ta bushe. Allah ya kiyaye daji da masu tsaronsa da maƙwabtansa baki ɗaya, amin.