A Auna Kafin A Sha: Kasalar Tayirod Da Kasuwar Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya



An nemi in yi magana a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin mutane, musamman mata: "Ina zargin tayirod ɗina ya daina aiki sosai, me zan saya in sha?" Zan fara da abin da ya faru a gidana, don shi ya sa na amsa wannan gayyata ba tare da jan ƙafa ba.

Wata 'yar yayata ce, malamar firamare, uwar 'ya'ya huɗu. Ta zo mini ran wata Asabar a cikin watan Maris, ana tsananin zafi, amma ita tana sanye da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi. Bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, jikina ya mutu. Barci ba ya isata, gashina na zuba, ga ƙiba ba tare da na ƙara ci ba." Sai ta zazzage jakar leda a kan tabarma. Kwalabe biyar na ƙirga: ɗaya ta gyaran gashi, ɗaya ta garin ciyawar teku, ɗaya ta ƙarin jini, ɗaya an rubuta a jikinta cewa tana ƙarfafa tayirod, ta biyar kuma wani jiƙo ne da ta saya wajen mai mota da lasifika a bakin kasuwa. Na ce, "An taɓa ɗibar jininki an auna?" Ta ce, "A'a Kawu, ai duk alamomin ina da su, na gani a waya." Kuɗin kwalaben nan ya ninka kuɗin gwajin da take gudu.

To, mene ne tayirod? Wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta bai fi giram 25 ba. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin idan ta kumbura ita ce muke kira maƙoƙo. Aikinta shi ne haɗa wasu sinadarai biyu da likitoci ke kira T4 da T3, waɗanda suke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har da kaifin tunani. Kamar mai iza wuta ce a murhu. In ta rage itace, komai sai ya yi sanyi. Mutum ya riƙa jin kasala da sanyi, bayan gida ya yi tauri, fata ta bushe, murya ta dushe, jinin al'ada ya ƙaru, zuciya ta yi nauyi ba gaira ba dalili. Mata sun fi maza kamuwa da wannan nesa ba kusa ba.

Amma ku sake duba jerin nan. Wace alama ce a ciki da ƙarancin jini ba ya kawowa, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko damuwa, ko kuwa gajiyar macen da ke tashi tun asuba ta yi girki, ta tafi aiki, ta dawo ta ɗora wani? A nan gizo ke saƙar. Alamomin kasalar tayirod na aro ne, kusan kowace cuta tana sanye da irinsu. Ko ƙwararren likita ba ya yanke hukunci da ido.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin jini da ake kira TSH. Akwai wata ƙaramar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke aika wa tayirod saƙo cewa ta yi aiki, kuma TSH shi ne saƙon. Idan tayirod ta yi kasala, sai a ɗaga mata murya, adadin TSH ya hau. A yawancin ɗakunan gwaji, daga 0.4 zuwa 4.0 ake ɗauka daidai ga babban mutum. In ya wuce haka sai a auna T4 a gani. Idan TSH ya ɗan hau kaɗan amma T4 na nan daidai, sau da yawa likita kan ce a dawo bayan wata biyu ko uku a sake, saboda yakan koma da kansa. Akwai kuma wani yanayi da ya kamata iyayenmu mata su sani. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, mai yiwuwa halittar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ta lalace. Likita Harold Sheehan ya yi bayanin wannan tun 1937. A irin wannan hali TSH ba ya hawa, don haka dole a gaya wa likita labarin haihuwar, ya auna T4 da sauran sinadarai.

Me ke jawo kasalar? A duniya baki ɗaya, babban dalili shi ne ƙarancin sinadarin aidin, wanda da shi tayirod ke haɗa T4. Babban mutum na bukatar maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu kuma 250 a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Dattawan da ke wannan ɗaki za su tuna yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu ƙauyuka a da. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma wannan ya rage matsalar ƙwarai. Masana sun nuna cewa rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana ƙara tsananta maƙoƙo, haka ma an danganta gero da shi a binciken da aka yi a Darfur ta Sudan, amma a inda aidin ya yi ƙaranci ne. Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana fura. Abin da na ce shi ne a yi miya da gishiri mai aidin, a kuma ajiye shi a rufe.

Inda aidin ya wadata kuwa, dalilin da ya fi yawa shi ne garkuwar jiki ta juya ta afka wa tayirod da kanta. Wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, shi ya fara bayyana wannan a 1912, kuma cutar da sunansa ake kiranta har yau. Wasu matan kan samu kumburin tayirod a shekarar farko bayan haihuwa, wanda galibi yakan wuce. Wasu kuma sakamakon tiyata ne ko wani magani da suke sha. Kun ga ke nan dalilan sun bambanta, alhali mai sayar da kwalba amsa ɗaya gare shi ga kowa.

Yanzu mu koma kan tabarmar nan mu ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

Ta ciyawar teku cike take da aidin, wani lokaci ya ninka bukatar jiki sau da yawa, kuma ba lallai adadin da aka rubuta a jiki ya zama gaskiya ba. Mutane na tsammanin tunda rashin aidin na kawo cutar, yawansa zai warkar. Tun 1948 masu bincike biyu, Wolff da Chaikoff, suka nuna cewa idan aidin ya yi wa tayirod yawa, rufe ƙofa take yi ta dakatar da aiki. Mai lafiya yakan farfaɗo cikin kwanaki, amma mai cutar Hashimoto sai ta ƙara durƙushewa. Garin neman gira a rasa ido.

Ta gyaran gashi tana ɗauke da bayotin, wani nau'in bitamin B. Ba ya taɓa tayirod, amma yana rikita na'urorin gwaji da dama, su nuna TSH ya yi ƙasa, T4 ya yi sama. Wato mai kasalar tayirod sai takarda ta nuna lafiyarta ƙalau, mai lafiya kuma a ce tayirod ɗinta ya yi gudu fiye da kima. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan yadda bayotin ke ɓata gwaje-gwajen jini a 2017. Shawarar likitoci ita ce a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini.

Wadda aka ce tana ƙarfafa tayirod ta fi ba ni tsoro. A wani bincike da aka wallafa a 2013, wasu likitocin Amurka sun sayi iri goma na waɗannan ƙwayoyi suka auna, suka tarar tara daga ciki na ɗauke da ainihin sinadarin tayirod. Ma'ana mutum na shan magani mai ƙarfi bai sani ba, ba kuma wanda ya auna masa. Yawan sinadarin nan yana sa zuciya ta riƙa bugawa barkatai, yana kuma cinye ƙashi a hankali. Lambar NAFDAC a jikin kwalba abu ne mai kyau a duba, amma ba ta zama shaidar cewa ke ce kike bukatar abin da ke ciki ba.

Jiƙon mai lasifika kuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki sai mai shi da Allah.

Idan gwaji ya tabbatar da cutar, maganinta sananne ne, kuma tsoho. A 1891 likita George Murray a Ingila ya yi wa wata mata magani da ruwan tayirod na tunkiya ta samu sauƙi. A 1914 Edward Kendall ya ware sinadarin da kansa a Amurka. Yau 'yar ƙwaya ce guda mai suna lebotairoksin, sau ɗaya a rana. Sai dai tana da sharuɗɗa. A sha ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na gyambon ciki, duk suna hana ta shiga jini, don haka a sa awa huɗu a tsakani. Bayan mako shida zuwa takwas a sake auna TSH a daidaita adadi. Da azumi, a tashi da wuri a sha kafin sahur, ko a sha lokacin kwanciya bayan abincin buɗa-baki ya sauka. Mai Hashimoto galibi za ta sha har ƙarshen rayuwa, kuma jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. Wadda ta samu ciki ta garzaya asibiti da wuri, ba don a tsayar da maganin ba, sai don yawanci ƙara shi ake yi, domin a watanni ukun farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin uwa take ginuwa.

'Yar tawa ta ajiye kwalabenta, ta je asibiti da su a leda ta nuna wa likita. Gwaji ya nuna abu biyu: TSH ya hau sosai, jininta kuma ya yi ƙasa. Zarginta ya zama gaskiya, amma rabin gaskiya ne, kuma cikin kwalabe biyar ɗaya ce kawai ke da amfani a gare ta. Yanzu tana shan ƙwayar tayirod da asuba, ta ƙarin jini bayan azahar. Da ta dawo gaishe ni da damina, ba rigar sanyi, har tana yi mini tsiya wai na tsufa.

Saboda haka roƙona uku ne. Ga iyayenmu mata da 'yan'uwa: in kun ji irin waɗannan alamomi, ku fara da ɗakin gwaji, kuma ku tafi wa likita da duk abin da kuke sha, har na gargajiya, ba abin kunya ba ne. Ga magidanta: matar da ta ce ta gaji ba lallai lalaci ba ne, ku biya mata kuɗin gwaji. Ga masu kemis da ɗalibanmu na kiwon lafiya: in mace ta zo neman maganin tayirod, tambayar farko ita ce, "Hajiya, ina takardar gwajinki?" In babu, ku nuna mata hanyar asibiti, ko da cinikin ranar zai ragu.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A auna kafin a sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana ita.