Laba Nawa Fiffiken Zai Ɗauka? Lacca Kan Sayen Jirgin Haɗin Gida Na Hannu



A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirgin sama a garejin gidansa, ya yi masa rajista, ya tashi da shi, muddin shi da abokan sha'awarsa ne suka yi fiye da rabin aikin. Ita ce ake kira ƙa'idar kashi 51. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, a kan wannan sha'awa ta ginu, kuma duk shekara masu irin waɗannan jirage suna yin dandazo a garin Oshkosh na jihar Wisconsin. Lamarin ma ya taɓa zuwa Kaduna, domin jiragen Air Beetle guda 60 da aka haɗa wa sojojin saman Najeriya don koyon tuƙi, daga sassan RV-6A na kamfanin Van's aka yi su.

Wanda ya haɗa jirgi wata rana zai tsufa, ko ya gaji, ya sa shi a kasuwa. A nan matsalar mai saye take farawa. A idon hukumar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, wanda ya ƙera jirgin shi ne mutumin da ya haɗa shi a gareji, kamfani kuwa sassa kawai ya sayar. Saboda haka iyakar nauyin da ke rubuce a takardun jirgin, mai haɗawa ne ya rubuta da hannunsa. Mai tsara jirgin ya ba da adadinsa bayan lissafi da gwaji, amma mai haɗawa yana iya ɗora wani abu a kai don ganin damarsa, kuma ana yi.

Jirgin Kitfox, wanda Dan Denney ya fito da shi a jihar Idaho a 1984, ya isa misali. Samfurin farko laba 850 ce iyakarsa, na biyu 950, na uku 1,050. Na huɗu ya zo da sabon fasalin fiffike, kuma shi kansa kashi biyu ne: akwai mai laba 1,050, akwai mai 1,200. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, fiffikensu yana naɗewa baya, ana jan su da mota. Bambancin yana cikin ƙarfe: kaurin sandunan da ke tokare fiffike, ƙafafun sauka, da bututun da suka ratsa gangar jirgin suka haɗa fiffiken dama da na hagu. Fenti da yadin da aka lulluɓe jirgin da shi sun rufe mafi yawan wannan, shi ya sa mai talla zai iya cewa “Kitfox ne mai ɗaukar mutum biyu” bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi abin da ake bukatar sani ba.

Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. Laba 950 kimanin kilo 430 ke nan. A ce jirgin ba kowa ba komai a ciki ya kai kilo 230, saboda mai shi ya ƙara rediyo, babban batir da manyan tayoyi. Saura 200. Lita 50 ta man jirgi kilo 36 ce, saura 164. Maza biyu masu kilo 85 kowanne sun riga sun wuce iyaka da kilo 6, ba a ɗora ko jakar hannu ba. Jirgin zai tashi, kuma wannan ne ke ruɗin mutane. Sai dai zai ci fili kafin ya ɗaga, hawansa zai yi nawa, gudun da yake buƙata don iska ta riƙe fiffikensa zai ƙaru, kuma rarar ƙarfin da aka tanadar wa ranar da guguwa za ta jijjiga shi ta ragu ba tare da an ga alama ba.

Wani lokaci kuma suna ɗaya ne, fiffike daban. Zodiac CH 601 na injiniya Chris Heintz yana da samfurin HD mai fiffike ƙafa 27, da HDS mai ƙafa 23 wanda aka rage don gudu, sannan XL mai sabon fiffike gaba ɗaya da iyakar laba 1,320. Labarin XL ɗin yana da ciwo. A watan Afrilun 2009 hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta nemi a dakatar da tashinsa, bayan jirage 6 sun karye a sama, mutum 10 sun rasu. A watan Nuwamba na shekarar FAA ta yi kira da kada a sake tashi da shi sai an yi gyara, kamfanin da ke sayar da sassansa kuma ya fitar da kayan ƙarfafa ƙashin fiffike da daidaita nauyin filafilan karkata jirgi. Amma ga jirgin haɗin gida da ya riga ya sami takardarsa, wannan kira shawara ce mai ƙarfi, ba tilas ba. Ke nan XL biyu suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a fili ɗaya, ɗaya an gyara, ɗaya yana nan yadda yake, farashinsu kuma kusan ɗaya.

To me mai saye zai yi? Zai ɗauki lambar siriyal ya tambayi kamfanin sassan wane samfuri ne, amma ba zai tsaya nan ba, domin jirgin da ya taɓa kifewa ana iya sa masa fiffiken wani. Zai zo da makanikin da ya san irin jirgin, wanda ba abokin mai sayarwa ba ne. Su kwance murfin dubawa da ke ƙarƙashin fiffike, su zura tocila da ɗan madubi, su ga ƙarfen ƙari da sababbin ƙusoshi da idonsu, su auna kaurin sanduna. Su buɗe kundin jirgin, su nemi shafin gwajin farko, wanda yawanci awa 25 ne ko 40, su ga da wane nauyi aka gwada shi. Idan takarda ta ce 1,200 amma mutum ɗaya da rabin tanki kaɗai aka taɓa gwadawa, to adadin fata ne kawai. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: izinin da mai haɗawa yake da shi na duba lafiyar jirginsa duk shekara nasa ne shi kaɗai, ba ya bin jirgin zuwa hannun sabon mai shi.

Aikin ƙarshe shi ne awo, kuma masu sayarwa da yawa ba sa son a kai nan. A shigar da jirgin rumfa inda iska ba ta kaɗawa, a zuƙe mai, a daidaita shi, a ɗora kowace taya a kan sikelinta, a tara adadin ukun. Takardar nauyin da ke aljihun kujera wataƙila an cike ta shekara 20 da suka wuce, kafin a yi fenti, kafin a canza inji. Daga abin da sikeli ya nuna ranar ciniki ake cire lissafin mai da fasinja, kuma daga nan ake fara maganar kuɗi.