Albashi Ya Hau, Tukunya Ta Sauka

'Yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Fatakwal,

Da yawa daga cikinmu, in muka tuna da ɗan'uwan da muka baro gida yana aikin gwamnati, sai mu ce ai wane ya huta, wata na ƙarewa kuɗinsa na zuwa. To, yau ina so mu leƙa gidan irin wannan mutum, malamin makaranta ko akawu, a unguwar Jiddari Polo ta Maiduguri, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu fara da lissafi. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, an yanke albashi mafi ƙanƙanta Naira 125 a wata. A lokacin Naira ta fi Dalar Amurka daraja, har wannan kuɗi ya kai wajen Dala 200. An mai da shi Naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a watan Yuli na 2024. Amma ranar da aka sa hannu, Naira 70,000 ɗin nan ba ta kai Dala 50 ba. Watau lamba ta yi ta hawa, abin da take saya yana sauka.

Wannan ya shafi ƙasa duka, amma mutumin Maiduguri an ƙara masa kaya. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka rushe turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, ruwan sha ma ya yi tsada. A Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. A Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin Keke Napep ya tashi. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na garin.

Duk wannan a kan albashi ɗaya ya sauka. Mai matsakaicin hali ba ya iya roƙo, sau da yawa kuma ba a tuna shi wajen rabon agaji, don ana ganinsa da farar riga. Alhali kuwa gidansa dangin da suka gudo daga ƙauye suke sauka, ga kuɗin haya, ga na makarantar yara, ga magani.

Saboda haka ga roƙona. Kada mu jira sai an yi biki ko rasuwa kafin mu aika. Buhun gero ko na masara da aka saya da kaka, sa'ad da hatsi ke araha, ya fi turmin atamfa goma amfani. Kuma mu tambayi ɗan'uwa halin da yake ciki, gama kunya ba za ta bar shi ya fara faɗa ba.

Allah ya rufa mana asiri, amin.