Ƙurar Da Ido Ba Ya Gani

Yau zancenmu a kan ƙura ne da hayaƙi.

Wani zai ce, ina ruwanmu da hayaƙin masana'anta, mu da ba mu da ko ɗaya a garin nan? To, a tsaya tukuna. Da an gama girbi samarinmu su kan tafi cin rani. Waɗansu su nufi Kano, su sami aiki a Bompai ko Sharaɗa. Waɗansu su tafi fasa dutse, waɗansu kuwa haƙar zinariya. Abin da suka shaƙa can, da shi su ke komowa gida.

Ƙura iri biyu ce. Akwai mai kauri, wadda mu ke gani ta kwanta bisa faifai. Ita wannan da sauƙi, gama gashin hanci da majina su kan tare ta, mutum ya yi atishawa ko kaki ta fita. Akwai kuma mai laushi ƙwarai, wadda ta ke fitowa daga hayaƙin inji, da ƙona taya, da niƙan dutse. In ka ɗauki silin gashi guda ka tsaga kaurinsa kashi talatin, to, kashi ɗaya shi ne girmanta. Hanci ba ya iya tsare ta. Sai ta zarce can cikin huhu ta maƙale, wata ma ta shige cikin jini. Daga nan a ke samun tari, da asma, da ciwon zuciya, har da shanyewar ɓarin jiki. Mai fasa dutse kuwa huhunsa ya kan ƙandare sannu a hankali, ba ya warkewa, tarin fuka kuma ya kan same shi da sauƙi.

Turawa ma sai da suka sha wuya kafin su gane. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe birnin Landan kwana biyar. Da fari aka ƙidaya mutum wajen 4,000 sun mutu, daga baya masu bincike suka ce sun kai 12,000. Cikin 1956 aka kafa dokar rage hayaƙi a Ingila.

Amma ba sai mun je Ingila ba. Cikin 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, yara suka riƙa suma suna mutuwa. Ashe dutsen zinariyar da a ke haƙowa akwai dalma a ciki. Ana kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a inji. Ƙurar ta bi tsakar gida ta kwanta, yara na rarrafe a kai, suna sa hannu a baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Iyayen ba mugunta suka yi ba, abinci su ke nema, ba su sani ba ne. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

Shuka ma tana numfashi. A jikin ko wane ganye akwai 'yan ƙofofi ƙanana, ta nan iska ta ke shiga. In ƙurar siminti ko toka ta kwanta a kai, sai ƙofofin su toshe, hasken rana kuma ya kāsa isa ganyen. Shukar ta tsumbure, amfani ya ragu. Gero da dawa suna da sauƙi, tun da ruwan sama na wanke su. Masu lambu da rani su ne abin ya fi taɓawa. Ku dubi ganyen da ke bakin hanyar Kano zuwa Katsina, ku gwada shi da na cikin fadama. Alayyafo da latas kuwa, a wanke su sosai kafin a ci.

Wanda zai fasa dutse ko ya niƙa, ya jiƙa shi da ruwa tukuna. Rufe hanci da rawani ba ya hana mai laushin shiga, sai a nemi abin rufe hanci na masu aiki. In an tashi aiki a yi wanka, a sake tufafi kafin a ɗauki yaro. Kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi. Janareto a ajiye shi waje, nesa da taga. Mahauta kuma su bar babbaka da taya.

Wanda ya komo daga cin rani da tari, har ya wuce mako biyu bai sake shi ba, a kai shi asibitin Kankiya. In ya je, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi, da yawan watannin da ya yi yana yinsa.