Bargery da Ƙamusunsa: Jawabi a Taron Reshe, Gwaska

Shugaban reshe, iyayena malamai da 'yan'uwana abokan aiki, ina neman izininku in yi magana a kan wani mutum da bai sha Hausa a nono ba, amma ya yi mata hidimar da ba kowane ɗanta ya yi ba.

George Percy Bargery Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1876. Aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar Hausa, daga baya ya koma sashen ilimi na gwamnatin mulkin mallaka, inda aka ɗora masa aikin haɗa ƙamus. Ya shafe fiye da shekara goma yana wannan aiki, har littafin ya fito a 1934, shafi sama da 1,200, ɗauke da kalmomi kimanin 39,000.

Ba yawan ne ya fi burge ni ba, kunnensa ne. Ya lura cewa gari na mutane da garin tuwo, tsayin wasali ne ya raba su. Kukan jariri da kukar miya kuwa, karin sauti. Sai ya sanya wa kalmomin alamun da ke nuna haka. Bai kuma tsaya ga Hausar Kano ba: in kalma ta Katsinawa ce ko ta Sakkwatawa, sai ya faɗa. Amma kada mu manta, kalmomin nan daga bakin malamai da manoma da maƙera suka fito, mutanen da galibinsu ba a san sunayensu ba yau. Ko Malam Mai Kano, wanda sunansa ya fito tare da na Abraham a ƙamusun 1949, mu nawa ne a nan muka taɓa jin labarinsa?

Bargery ya rasu a 1966. Abin da ya sa na tuno da shi, a zangon da ya wuce na tambayi 'yan aji huɗu mece ce taura. Aka yi tsit. Yarinya ɗaya ce ta ɗaga hannu, wadda iyayenta suka yi gudun hijira daga wani ƙauye a bakin dajin Kamuku. Ta faɗi kamanninta da lokacin nunarta, ta ƙara da sunayen itatuwa uku, biyu daga ciki ni kaina ban taɓa ji ba. Ƙauyen nasu yanzu kufai ne, ƙannenta kuma ba su taɓa shiga dajin ba saboda 'yan bindiga.

Tun ranar na ware littafin rubutu guda, ina bin tsofaffin da suka yi hijira ina tambayarsu sunayen itatuwa da ciyayi da kayan farauta. Ga shi nan na zo da shi. Duk wanda ke da irin waɗannan yara a ajinsa, don Allah ya same ni bayan an tashi.